Littafin da Ba Ya Cikin Manhaja: Yadda Gandoki Ya Rayu, da Yadda 'Yan'uwansa Ke Ɓacewa

Titin Zariya, wanda ya ratso Unguwa Uku ya bi ta Gyaɗi-Gyaɗi har shataletalen Dangi, an fi saninsa da cunkoson ababen hawa da kuma asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano. Amma yana da wani tarihin da ba a cika tunawa da shi ba. Daga wannan fuska ta kudu, wato daga Zariya, littattafan Hausa na boko suka riƙa shigowa Kano shekara da shekaru, wasu a jirgin ƙasa, wasu a mota, har suka cika makarantu da gidaje.

A farkon kowane zangon karatu, iyaye a Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni da Darmanawa sukan fita da takardar jerin littattafan da makaranta ta bai wa 'ya'yansu. Idan Ruwan Bagaja ko Magana Jari Ce na cikin jerin, ba a shan wahalar samu. Amma wanda ya tashi neman Idon Matambayi ko Sihirtaccen Gari ko Da'u Fataken Dare don sha'awar kansa kawai, sai ya shirya yawo, kuma sau da yawa yakan dawo hannu rabbana. Wannan bambanci yana da dalili. Tsofaffin labaran jarumta da na tarihi da suka rayu har yau, akasarinsu manhajar makaranta ce ta riƙe su. Waɗanda manhaja ta saki, babu wata hukuma da aka ɗora wa alhakin kama su.

Gasar da ta buɗe ƙofa

A 1929 gwamnatin mulkin mallaka ta kafa Hukumar Fassara, domin samar wa makarantun boko abin karantawa da Hausa. Hukumar ta zauna a Zariya ƙarƙashin Rupert East, kuma a 1933 ta rikiɗe ta zama Hukumar Talifi. A shekarar ce East ya zagaya manyan biranen Arewa yana roƙon malamai su gwada rubuta ƙagaggen labari da zube. Aikin bai zo masa da sauƙi ba. Malaman ƙasar Hausa sun gaji alƙalami tun ƙarnoni, amma a wurinsu rubutu na addini ne da shari'a da tarihi da waƙa. Tatsuniya kuwa ta dare ce, ta mata da yara.

Duk da haka an samu waɗanda suka amsa kira, aka zaɓi littattafai biyar aka buga: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Gandoki na Malam Bello Kagara, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida Umaru tare da East kansa. Imam, wanda aka haifa a 1911, yana koyarwa a makarantar Midil ta Katsina a lokacin, kuma Bello Kagara yayansa ne. Tafawa Ɓalewa ma malamin makaranta ne matashi a Bauchi, shekaru fiye da ashirin kafin ya zama Firayim Minista.

Abin lura shi ne, tun daga haihuwarsu waɗannan littattafai 'ya'yan aji ne. Gwamnati ce ta nemi a rubuta su, ita ta buga, ita ta raba wa makarantu. Babu kasuwar masu karatu da ta kira su, domin masu iya karatun boko ba su da yawa. Wannan asali shi ya zama garkuwarsu, shi kuma ya zama iyakarsu.

Abin da ke cikin jakar

Mai kallon waɗannan littattafai a matsayin karatun yara ya yi musu gajeriyar fahimta. Gandoki labarin jarumi ne daga Kwantagora, cikin mayaƙan Sarkin Sudan Ibrahim Nagwamatse, wanda ya ƙi miƙa wuya ga Turawa, ya nufi gabas, daga nan labarin ya tsallaka duniyar aljanu. Kwantagora ta faɗi a 1901, Kano da Sakkwato a farkon 1903, sannan a Burmi, cikin watan Yuli na wannan shekarar, Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya kwanta dama. Bello Kagara ya rubuta littafinsa shekara talatin kacal bayan haka, lokacin da waɗanda suka ga yaƙin da idanunsu suke raye, shi kansa ma da wayonsa aka yi. Ke nan Gandoki na cikin shaidu na farko da aka buga da Hausar boko kan yadda mutanen ƙasa suka ji zuwan Turawa a ransu, kuma abin mamaki, hukumar Turawan ce ta buga shi.

Shaihu Umar kuwa labarin bauta ne. An sace yaro daga hannun uwarsa, ya bi ta Kano, ya ƙetare Sahara tare da Balarabe Abdulkarim, uwar ta bi sawunsa ita ma ta faɗa hannun masu cinikin bayi. Littafin ya fito kafin dokar 1936 da ta kawo ƙarshen bauta baki ɗaya a Arewacin Nijeriya. A lokacin da yara suka fara karanta shi a aji, akwai gidajen da labarin ba ƙage ba ne a wurinsu.

Ruwan Bagaja ya fi su raha. Alhaji Imam ya fita neman ruwan da zai warkar da ɗan sarki, yana ta karo da abokin hamayyarsa Malam Zurƙe. Amma ko shi yana ɗauke da tarihin karatu, domin Imam ya ɗebo salonsa daga Maƙamatul Hariri da sauran littattafan Larabci da ake karantawa a zaure. Haka Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa, wanda ya zo daga baya, masana sun gano tushensa a labaran wani gwarzon Rasha mai suna Iliya Muromets. Waɗannan littattafai suna nuna abin da malaman Hausa suke karantawa, da yadda suke mayar da baƙon abu ɗan gida. Ɓacewar ɗaya daga cikinsu ɓacewar hujja ce.

Hannuwan da suka riƙe su

Bayan gasar, Imam ya je Zariya ya rubuta Magana Jari Ce, juzu'i uku, waɗanda suka fito tsakanin 1937 da 1939. A Janairun 1939 aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, shi ne editanta na Hausa. A 1945 aka kafa Kamfanin Gaskiya a Zariya da maɗaba'arsa. Sannan a farkon shekarun 1950, da gwamnatin Jihar Arewa ta ƙaddamar da Yaƙi da Jahilci, aka kafa hukumar NORLA domin wadata sababbin masu karatu da littattafai. A wannan zamani aka sake buga littattafan gasar farko, aka kuma fitar da sababbi da dama. NORLA ta rufe a 1959, aikinta ya koma hannun Kamfanin Gaskiya.

A 1966 aka kafa Kamfanin Buga Littattafai na Arewacin Nijeriya, NNPC, a Zariya, da haɗin gwiwar kamfanin Macmillan na Ingila. Shi ya gaji tsofaffin littattafan, kuma bugunsa ne akasarin masu karatun yau suka sani. A hannunsa aka samu Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, kuma gasar da ya shirya ce ta fito da So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwahid da Mallakin Zuciyata na Sulaiman Ibrahim Katsina a 1980. Gasar da Sashen Al'adu na Gwamnatin Tarayya ya shirya ta ƙaro Turmin Danya da Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare da wasunsu a 1982.

Idan aka duba wannan silsila, daga Hukumar Fassara zuwa NNPC, za a ga kowace hukuma an kafa ta ne domin ta buga ta raba. Adana asali ba ya cikin babban aikin kowacce. Muddin akwai kuɗin gwamnati da odar makarantu, bugawa da adanawa sun zama kamar abu guda, domin littafin da ake sake bugawa duk shekara ba ya ɓata. Sai da kuɗin ya janye aka gane abubuwa biyu ne.

Garkuwa mai huda

A 1986 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta shigo da tsarin tsuke bakin aljihu, darajar naira ta faɗi, takarda da tawada suka yi tsada. Masana'antun takarda na Jebba da Oku Iboku da Iwopin, waɗanda aka sa rai za su wadata ƙasa, suka durƙushe ɗaya bayan ɗaya. Mai buga littafi ya koma lissafi mai sauƙi: ba zai zuba kuɗi a kan abin da bai tabbatar zai fita ba. Abin da ke da tabbacin fita shi ne wanda hukumomin jarrabawa, WAEC da JAMB, daga baya da NECO, suka sa a jerinsu, ko wanda sassan Hausa na jami'o'i da kwalejojin ilimi suka wajabta wa ɗalibai.

Wannan ya ceci wasu littattafai, kuma ba ƙaramin alheri ba ne. Amma ceton yana da huda uku. Na farko, jerin yana sauyawa bayan 'yan shekaru, littafin da ya fita daga ciki kuma yana iya shekara goma ba a waiwaye shi ba. Na biyu, masu satar fasaha su ma manhajar suke bi. Suna kwafar bugun da ya riga ya dusashe a kan takarda marar kauri, har ƙugiyar ɓ da ɗ da ƙ ta ɓace, hotuna su koma baƙin tabo.

Huda ta uku ta fi sauran ɓoyuwa. Littattafan gasar farko sun fito ne lokacin da ƙa'idojin rubutun Hausa ba su zauna ba. Ƙamus na Bargery ma a 1934 ya fito. Daga baya aka kafa Hukumar Harshen Hausa a 1955, aka yi taron Bamako a 1966, aka yi na Yamai a 1980, duk kan daidaita rubutu. Saboda haka matanin da ɗalibi ke riƙe da shi a yau ya bi ta hannun masu gyara da masu jera haruffa da yawa. Gyara ba laifi ba ne. Matsalar ita ce bugun makaranta bai saba gaya wa mai karatu abin da aka gyara ba, ko daga wane bugu aka kwafo, ko wane ne marubucin da zamaninsa. Shi ya sa ake ganin littafi ɗaya da shekaru daban-daban a kundayen ɗalibai: wani ya rubuta 1951 ga Iliya Ɗan Maiƙarfi, wani ya rubuta 1970, kowa da abin da ya gani a bangon da ke hannunsa.

Jaruman kasuwar Kano

Da ƙofar manyan kamfanoni ta ƙuntata, marubuta suka buɗe tasu. Daga tsakiyar shekarun 1980 matasa suka fara buga littattafansu da kuɗinsu a ƙananan maɗaba'u, abin da Ibrahim Malumfashi ya laƙaba wa suna Adabin Kasuwar Kano. An fi tunawa da wannan zamani da soyayya, da In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino da littattafan Balaraba Ramat Yakubu. Amma akwai wani reshe mai ƙarfi na labaran yaƙi da bin sawu da abin al'ajabi, inda sunaye irin su Bala Anas Babinlata da Nazir Adam Salih da Abdul'aziz Sani Madakin Gini suka yi fice. Waɗannan su ne magadan Gandoki da Iliya na haƙiƙa, kuma sun samu abin da magabatansu ba su samu ba: masu karatu da suka sayi littafi da kuɗin aljihunsu ba don jarrabawa ba.

Sai dai su suka fi kowa zama cikin haɗari. An buga su a takarda mai araha, kashi-kashi, na ɗaya da na biyu da na uku, sau da yawa babu shekarar bugu. Sun yi yawo daga shagon haya zuwa ɗakunan kwanan ɗalibai har suka yage. Dokar Ɗakin Karatu na Ƙasa ta 1970 ta wajabta wa mai buga littafi ya kai kwafi uku a adana, amma marubucin da ya sayar da kekensa ya buga littafi ba ta wannan yake yi ba. Manhaja ba ta karɓi mafi yawansu ba, kuma sun sha suka daga malamai da hukuma. A 2007 hukumar A Daidaita Sahu ta gwamnatin Kano ta ƙone wasu littattafan Hausa a bainar jama'a da sunan gyaran tarbiyya.

Daga nan kasuwar kanta ta sauya. Marubuta da yawa suka koma rubuta fim, ofisoshin masu shirya finafinai suka yawaita a titin Gidan Zoo, wanda ya taso daga shataletalen Dangi, a maƙwabtan Gyaɗi-Gyaɗi. Masu karatu kuma suka koma waya, suna karɓar labari ta WhatsApp da Facebook. Ɗaya daga cikin manyan tarin waɗannan ƙananan littattafai yana makarantar SOAS ta Jami'ar Landan, wanda Graham Furniss ya tara. A gida, masana irin su Abdalla Uba Adamu sun yi nasu ƙoƙarin, amma ƙoƙarin mutum ɗaya yana da iyakar ƙarfin mutum ɗaya.

Darasin Shaihu Umar

Babu abin da ya bayyana bambancin sa'a da shiri kamar labarin Shaihu Umar. Littafin ya fi 'yan'uwansa gata. Mervyn Hiskett ya fassara shi zuwa Ingilishi a 1967, Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mayar da shi wasan kwaikwayo, sannan Adamu Halilu ya yi fim ɗinsa a 1976 da kuɗin Gwamnatin Tarayya. Labarin Firayim Minista ne, gwamnati ce ta ɗauki nauyi, amma duk da haka fim ɗin ya ɓace shekaru da dama, har aka fid da rai.

A 2016 aka gano faifansa a cikin ajiyar Hukumar Finafinai ta Nijeriya, da ƙoƙarin Didi Cheeka da abokan aikinsa. Cibiyar Arsenal ta Jamus ta gyara shi, aka nuna shi a bikin finafinai na Berlin a 2018. A cikin watan Maris na wannan shekara ta 2016 kuma gobara ta cinye shaguna masu ɗimbin yawa a kasuwar Sabon Gari, ɗaya daga cikin kasuwannin da littattafan Hausa suka daɗe suna kwana. Shekara ɗaya ta nuna fuska biyu: abin da aka jefa ɗaki aka manta ya tsira, abin da ke tsakiyar kasuwa yana iya zama toka cikin dare guda. Idan fim ɗin Firayim Minista sai da sa'a ya tsira, ina ga ɗan littafin yaƙi mai shafi sittin da aka buga a Fagge?

Abin da adanawa ke buƙata

Wasu ƙasashe sun raba bugawa da adanawa tun tuni. A Ingila an fara jerin Penguin Classics a 1946, inda tsohon littafi ke fitowa da gabatarwar masani a farashin da talaka zai iya. A Amurka an kafa Library of America a 1979, ƙungiya ce da ba riba take nema ba, aikinta shi ne kada manyan littattafan ƙasar su yanke a kasuwa. Hausa ba ta rasa masana ko cibiyoyi ba. Akwai Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya ta Jami'ar Bayero, akwai Gidan Arewa da Taskar Adana Tarihi ta Ƙasa a Kaduna, akwai Gidan Ɗan Hausa da ɗakin karatu na Murtala Muhammed a Kano. Abin da ya rage shi ne a ɗauki aikin a matsayin aiki, kuma matakansa uku ne.

Na farko, nemo asali. Kowane littafi yana buƙatar a samo bugunsa mafi tsufa, a ɗauki hotonsa shafi-shafi, a ajiye kwafi a wurare fiye da ɗaya. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022 ta bai wa ɗakunan karatu da taskokin tarihi damar kwafar aiki domin adanawa, saboda haka wannan mataki ba ya jiran izinin kasuwa.

Na biyu, warware haƙƙi. A dokar Nijeriya haƙƙin littafi yana nan har shekara 70 bayan rasuwar marubuci. Tafawa Ɓalewa ya rasu a 1966, Imam a 1981. A wannan lissafi, na farko sai ƙarshen 2036, na biyu sai ƙarshen 2051. Ke nan wanda ya watsa hoton Magana Jari Ce a waya, ko da kyakkyawar niyya, bai warware komai ba. Sake bugu na gaskiya sai an zauna da kamfani da magada. Su kuwa marubutan kasuwar Kano, da yawansu suna raye, ana iya tambayarsu yau, a kuma ɗauki bayanin yadda suka rubuta da inda suka buga.

Na uku, bugun manya. Littafin da za a fitar da gabatarwa, da tarihin marubuci, da bayanin tsofaffin kalmomin yaƙi da sarauta da fatauci, da faɗin abin da aka gyara a rubutu, a kan takardar da za ta kai jikoki. Irin wannan bugu ba zai dogara da jarrabawa ba, sai da mai saye.

A nan ne maganar ta dawo Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni. Unguwanni ne na likitoci da malaman jami'a da lauyoyi da ma'aikatan banki, waɗanda da yawansu da Ruwan Bagaja suka koyi daɗin karatu, kuma suna iya sayen littafin Ingilishi mai tsada ba tare da ciniki ba. A cikin akwatunan iyayensu, tare da takardun fili da tsofaffin hotuna, akwai bugun NORLA da na Gaskiya da ƙila babu irinsu a wani ɗakin karatu na jihar. Gara da damina ba sa jiran kwamiti. Tun 1933 gwamnati da makaranta ne ke yanke wa Bahaushe littafin da zai rayu. Mai karatu da ya girma, ya samu abin hannu, yana iya karɓar wannan hukunci: ya buɗe akwatin, ya kai abin da ya samu inda za a ɗauki hotonsa, kuma ranar da aka fito da Gandoki cikin bugun da ya dace da shi, ya saya.